Opacity Da Transparency: Lamba Ɗaya, Ma'ana Biyu A Manhajojin Taswira

Duk wanda ya taɓa ɗora wani abu a kan taswira, a waya ko a kwamfuta, ko iyakar gona ce, ko fulotin da aka yanka, ko unguwannin da ambaliya ta ci, ya san wani ɗan maɓalli da ake ja hagu da dama, wanda 'yan harkar ke kira silaida. Aikinsa shi ne rage ƙarfin launin da ka shafa a sama, don a riƙa hango abin da ke ƙarƙashinsa. A wata manhajar za ka tarar an rubuta Opacity a jikinsa, a wata kuma Transparency. Da yawa cikinmu sun ɗauka abu ɗaya ne aka raɗa wa suna biyu, kamar dai mota da mato. To ba haka zancen yake ba. Kishiyoyin juna ne, kuma na daɗe ina ganin yadda wannan ɗan bambancin ke wahalar da mutane, shi ya sa yau na ce bari in faɗi abin da ke raina a kai.

Bari mu fara da kunu, tunda kowa ya san shi. Ka ɗauka an miƙo maka kofi aka ce yaya ya yi. Kana iya cewa ya yi kauri, kana iya cewa bai tsinke ba. Magana ɗaya ce, sai dai kowacce daga inda ta taso. Opacity shi ne kaurin, wato yadda launin ya toshe abin da ke bayansa. In yana kan 100 ya rufe ruf, in ya sauko 0 launin ya ɓace ɓat. Transparency kuwa shi ne tsinkewar, ko ka ce shara-shara irin na mayafi. In yana kan 0 launin na nan da ƙarfinsa, in ya kai 100 sai ka neme shi ka rasa. Lissafin ba wuya: in ka haɗa su biyun dole su ba ka 100. Opacity 30 daidai yake da Transparency 70. A kan 50 kaɗai suke haɗuwa su zama ɗaya, kuma ina ga shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa lura ba, don yawancin masu koyarwa cewa suke yi "sa shi a rabi" su wuce.

Me ya sa abin ya fi damun masu taswira a kan masu haɗa fastar biki? Saboda taswirar zamani hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai hoton tauraron ɗan Adam ko zanen tituna. A kansa sai a shimfiɗa iyakokin ƙananan hukumomi, a kan wannan a ɗora gonaki, sannan rijiyoyi ko makarantu. Kowane hawa shi ake kira leya. Amfanin taswirar gaba ɗaya yana wajen ganin leya biyu a lokaci guda: ga iyakar da na zana, ga kuma abin da ke ƙasa a zahiri. In fastar biki ta yi duhu, iyakaci a ce ba ta yi kyau ba. In leyar taswira ta yi kauri, wani abu da ke nan a ƙasa zai ɓuya, mai kallo kuma ba shi da hanyar sanin cewa an rufe masa wani abu.

Na ga haka da idona a wajen wani rabon gado a ƙauyen su abokina. Ƙaninsa, yaro mai ƙoƙari da ya ɗan koyi harkar taswira, ya zagaye gonar mahaifinsu da wayarsa ya ɗauko iyakarta, ya ɗora a kan hoton tauraron ɗan Adam don a nuna wa dattawa. Wanda ya koya masa ya turo masa saƙon murya cewa ya cike gonar da kore ya sa lambar a 30. Shi malamin nasa manhajarsa Opacity take rubutawa, ta yaron kuwa Transparency. Ya sa 30 kamar yadda aka ce masa, ashe kaurin 70 ya bari. Kore a kan koren gona, sai komai ya shafe. Da aka miƙa wa kawunsu wayar, ya ƙura mata ido ya ce, "Kai yaro, ina burtalin da ya bi ta gabas? Ko injin naka ya cinye shi?" Nan take wani daga cikin magada ya ce ai dama shi ya faɗa, burtalin nan ya mutu tun tuni, ga shi ko a hoto babu. Murya ta fara tashi. Yaron ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, duba mini ko wayar ce." Na ja silaidar zuwa 70, sai ga burtalin ya fito raɗau, har da tsohuwar rijiyar da ke kusurwa. Ba wayar ce ta raba gardamar gadon ba, wannan aikin mai gari ne da safiyo da malaman rabo. Amma mintuna goman da aka yi ana musu a kan abin da yake nan daram, lamba 30 ce ta jawo su. Yaron bai yi laifi ba, malaminsa ma haka. Kowa ya bi abin da ke rubuce a gabansa.

Tun daga nan na fara lura da yadda kowace manhaja ta zaɓi nata. ArcGIS na kamfanin Esri da ke Amurka, wanda manyan ma'aikatu da jami'o'i ke amfani da shi, Transparency yake rubutawa, kuma sabuwar leya kan 0 take farawa. QGIS, wanda kyauta ne kuma ɗalibai da yawa da shi suke fara koyo, Opacity yake rubutawa, sabuwar leya kan 100. Leaflet da Mapbox, waɗanda masu gina shafukan intanet ke sa taswira da su, opacity suke amfani da shi, amma lambarsu daga 0 zuwa 1 ce, wato 0.3 maimakon 30. A Leaflet, in ka zana fili ba ka faɗi komai ba, kaurin cikinsa 0.2 ne. OsmAnd na waya, wajen ɗora taswira a kan taswira, transparency yake cewa. A Google Earth Pro na kwamfuta kuwa, in za ka ɗora hoto a kan ƙasa, sunan silaidar Transparency, amma a ƙarshenta na hagu an rubuta Clear, na dama Opaque, ma'ana in ka ja dama kauri kake ƙarawa. Sunan na ɓangare ɗaya, tafiyar ta ɗaya ɓangaren, sai dai rubutun da ke bakunan biyu ya cece shi.

Kuma ba a taswira kaɗai abin ya tsaya ba. Masu zane a waya sun san PixelLab da PicsArt da CapCut duk Opacity suke cewa, haka ma Photoshop. PowerPoint kuma Transparency. Canva na rubuta Transparency, amma kan 100 yake farawa hoton na nan garau, sai ka rage lambar sannan ya fara dusashewa, wato sunan Transparency ne, lissafin na Opacity. Yanzu ka duba yaron da ya fara da PixelLab, ya koma Canva, ya shiga jami'a aka ba shi ArcGIS a ɗakin kwamfuta, ya dawo gida ya buɗe QGIS. Hannunsa ya koyi ja dama a nan, ja hagu a can. Wane ne zai ce masa ba ya mai da hankali?

Labarin QGIS ne ya fi burge ni a wannan fanni, don shi ya taɓa zama a ɗaya ɓangaren ya tashi. Gary Sherman ne ya fara shi a 2002, kuma masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne ke gina shi. A zubinsa na 2, in ka buɗe saitin leya, Layer transparency za ka gani. Da zubi na 3 ya fito a watan Fabrairun 2018, sai aka juya shi ya koma Opacity, har a cikin umarnin da masu rubuta ƙananan manhajoji ke kira ma an sauya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don duk wanda ya saba da tsohon sai da ya sake koyo, kuma har gobe akwai tsofaffin bidiyoyin koyarwa a YouTube da ke nuna tsohon tsarin. In ka bi irinsu da sabon QGIS, malamin na jan silaida dama leyar na dusashewa, kai kuma naka na ƙara kauri. Duk da haka gara da suka yi, don wahalar sauyi ta lokaci ɗaya ce, ta ruɗani kuwa kullum ce. Ko a sabon ma akwai ɗan saura: in ka buɗe saitin leyar hoto, shafin sunansa Transparency, silaidar da ke ciki kuma Global Opacity. Ana iya ba su uzuri, tunda a shafin ne ake zaɓar launukan da ake so su ɓace gaba ɗaya, kamar baƙin gefen hoto. Amma sabon shiga sai ya ɗan tsaya ya yi tunani. Masu QField a waya su sani, aikin da aka shirya a QGIS ne yake buɗewa, don haka kaurin da aka saita a kwamfuta shi zai biyo ka fili.

To ita kwamfutar a cikinta wanne take ganewa? Kauri. Kowane ɗigon launi a fuskar wayarka haɗin ja da kore da shuɗi ne. A ƙarshen shekarun 1970, Ed Catmull da Alvy Ray Smith, suna aiki a wata cibiyar fasaha ta jihar New York, suka ƙara na huɗu suka kira shi alfa, wanda ke faɗin yadda ɗigon zai rufe abin da ke bayansa. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka fitar da cikakken lissafin yadda ake ɗora hoto kan hoto da shi, kuma har yau a kansa ake tafiya. A sauƙaƙe: in alfa 0.3 ne, sai a ɗebi kashi 30 na launin sama a haɗa da kashi 70 na launin ƙasa, abin da ya fito shi kake gani. Galibi ana ajiye shi a lamba daga 0 zuwa 255, inda 0 ke nufin ba a gani, 255 kuma ya rufe. Fayil ɗin KML da ake tura wa juna na Google Earth ma haka yake: haruffa biyun farko na launi su ne alfa, 00 ya ɓace, ff ya cika, 7f wajen rabi. Ka ga kenan duk manhajar da ke nuna maka Transparency, sai ta juya lambar a ɓoye kafin ta zana.

Masu Transparency fa ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Tun kafin kwamfuta, masu tsara birane kan zana kowane bayani a takarda mai shara-shara su jera su a kan juna su haska. Ian McHarg, malami a Jami'ar Pennsylvania, ya yi suna da wannan salo a shekarun 1960: zaizayar ƙasa a takarda ɗaya, ruwa a wata, gidaje a wata, inda duhu ya fi taruwa nan ne bai dace a bi da titi ba. Mai irin wannan tunanin abin da yake nema shi ne ya hango ƙasa. Haka ma ni da kai. Ba wanda ke buɗe saiti yana cewa bari in rage kaurin leya, cewa muke bari in sa a riƙa gani ta ciki. Kalmar Transparency kuma ta fi yawo a bakin mutane, ko a labaran siyasa ana jin ta, alhali Opacity sai wanda ya shiga harkar zane. Sannan akwai hujjar cewa duk wani ado da ake yi wa hoto daga 0 yake farawa, ma'ana ba a taɓa komai ba, ka ƙara yadda kake so.

Na ji duk wannan, amma in ni za a tambaya, Opacity zan ɗauka. Dalilina a hannu yake. Duk silaidar da ke wayarka ta koya maka abu ɗaya: ja dama, abu ya ƙaru. Ƙarar sauti haka, hasken fuskar waya haka, girman rubutu haka. In na taɓa leyar gonaki na ja dama, abin da yatsana ke tsammani shi ne gonakin su ƙara fitowa. A tsarin Transparency kuwa, ina ƙara lamba abin na raguwa, kamar a ce ka murɗa rediyo sama ya yi shiru don an sa wa maɓallin suna "shiru". Ga shi kuma ya dace da alfa da ke ciki, ya dace da abin da masu gina shafuka ke rubutawa, ba sai an yi ta juya lissafi tsakanin fuska da ciki ba.

Amma abin da ya fi wannan zaɓin nawa muhimmanci shi ne manhaja ta tsaya a kan guda. In ta ce Transparency, to ta faɗe shi a wajen leya, a wajen launin ciki, a wajen rubutu, a wajen inuwa, a kwamfuta da waya, kuma ko'ina jan dama ya yi aiki iri ɗaya. Mutum na iya sabawa da kowane tsari cikin kwana biyu. Abin da ba ya sabuwa shi ne tsarin da ke sauya fuska daga wannan shafi zuwa wancan. Direban da ya saba da sitiyarin dama zai iya koyon na hagu, amma ba wanda zai iya tuƙa motar da birkinta ke sauya wuri da totur duk sanda aka shiga sabuwar unguwa. Kuma akwai abu mai arha da kowace manhaja za ta iya yi: ta rubuta abin da kowane bakin silaida ke nufi, ta kuma nuna sakamakon nan take yayin da ake ja. Wanda ya nemi ɗaya kalmar a wurin bincike, a kai shi wajen ɗayar.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ɗan maɓalli? To ka tuna inda ake amfani da irin waɗannan taswirori. Lokacin yaƙi da cutar shan-inna a arewacin Nijeriya, an koma amfani da taswirorin da aka ciro daga hoton tauraron ɗan Adam maimakon zanen hannu, don a tabbatar masu allura sun kai kowace ruga da kowane ƙauye, har aka kai ga tabbatar da cewa cutar ta daji ta kau daga Afirka a watan Agustan 2020. Irin wannan aiki ɗora iyakar mazaɓa ne a kan hoto, kuma bukkoki biyar a tsakiyar daji ɗigo ne ƙanana da launi mai kauri zai iya haɗiyewa. Ko ka ɗauki ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau. Taswirar ambaliya shuɗi ne ake shimfiɗawa a kan gari. In ya yi kauri, ba ka ganin wane titi ne ko wace makaranta ce a ƙasa. In ya tsinke da yawa, mai kallo a waya cikin rana zai ɗauka unguwarsu ruwa bai taɓa ta ba. Haka aikin filaye a hukumomi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja, duk ɗora zane ne a kan hoto. A irin waɗannan wurare mutane da yawa ne ke miƙa wa juna aiki, wani da wannan manhaja wani da waccan, kuma umarni irin "a sa shi a 30" na tafiya ta baki.

Tunda ba mu ne ke gina waɗannan manhajoji ba, ga abin da ni nake yi, kuma nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni.

Da farko, duk sabuwar manhajar da ka buɗe, kar ka yarda da sunan da ke jikin silaida. Ja ta ƙurya dama ka gani, ka ja ta ƙurya hagu ka gani. Daƙiƙa biyar ne, kuma daga nan ka san ɓangaren da take. Gani ya kori ji.

Na biyu, in za ka faɗa wa wani lamba, haɗa ta da kalmarta. Ka ce "Opacity 30", ko ka ce masa "rage shi har rufin gidaje su fito". Mafi kyau ma ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka tura masa ya kwatanta da nasa. In kai aka turo wa lamba tsirara, tambayi wace manhaja mai turowar yake riƙe da ita.

Na uku, riƙe lissafin juyawa. Daga ɗaya zuwa ɗaya, cire lambar daga 100. In manhajar daga 0 zuwa 1 take ƙirga, kauri 30 shi ne 0.3. In daga 0 zuwa 255 ne, wajen 77 kenan, rabi kuma 128. Masu kwafo lambar launi daga wuri zuwa wuri su ƙara kula: a shafukan intanet alfa a ƙarshen lambar yake zuwa, a Android a farko, a KML ma a farko amma sauran launukan a juye suke, shuɗi kafin kore kafin ja. Shi ya sa wani lokaci za ka kwafo ja ya fito maka shuɗi.

Na huɗu, in iyaka kawai kake son nunawa, ta gona ko ta fuloti, cire launin ciki gaba ɗaya ka bar layin gefe, ka ƙara masa kauri, ka ba shi launin da zai fita a kan ƙasa, kamar ruwan ɗorawa ko fari. Ba abin da zai ɓuya. In dole sai ka cike, kar ka sa kore a kan gona ko ruwan ƙasa a kan fako. Kuma ka tuna GPS ɗin waya kan yi kuskuren mita kaɗan, don haka layin nan nuni ne, ba takardar safiyo ba.

Na biyar, leyoyi na taruwa. In ka ɗora biyu kowacce a rabi, ba rabin hoton ƙasa kake gani ba, kashi 25 ne kawai ya rage, don ta biyun ta cinye rabin abin da ta farko ta bari. In ka ƙara ta uku ya koma 12.5. Duk sanda ka ga taswira ta yi dusu-dusu ka rasa dalili, kashe leyoyin ɗaya bayan ɗaya ka gano wadda ke rufe maka ido.

Na shida, launin da aka rage wa kauri yana sauya kama. Ja a kan koren daji na iya komawa ruwan ƙasa, sai ya daina dacewa da jadawalin launukan da ke gefen taswira. Kafin ka tura wa mutane, fita waje ka duba a wayarka cikin rana, don abin da ya fito tas a kwamfuta cikin ɗaki kan ɓace a fili. In bugawa za a yi, a fara gwada takarda ɗaya.

Akwai kuma abin da ya rage namu. Matasanmu sun fara gina manhajoji, wasu kuma na fassara na wasu zuwa Hausa. Ranar da aka zo kan wannan silaida, wani zai rubuta "shara-shara", wani "duhu", wani "bayyana", wani ya bar Turancin yadda yake, sai mu wayi gari mun gaji ruɗanin Turawa mun ƙara da namu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarata a ce "Kaurin launi", a rubuta "ba a gani" a bakin hagu, "ya rufe" a bakin dama, kuma ja dama ya zama ƙari a ko'ina. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba ta san abin da kauri yake nufi, ta kuma san in ya ƙaru ba a hango gindin kofi. In wani yana da kalmar da ta fi wannan, madalla, a kawo ta a duba. Sharaɗin dai a tsaya a kan guda.

Kafin nan, yau in ka samu sarari, buɗe duk manhajar zane ko ta taswira da ke wayarka, ka nemo silaidar nan a kowacce, ka ja ta ƙarshe zuwa ƙarshe. Ka rubuta a wani wuri wacce ke ƙara kauri in an ja dama, wacce ke ragewa. Ni a tawa wayar huɗu ne da biyu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.